Ƙyauren Ƙarfe Da Zafin Bazara

A Bagega da sauran garuruwan ƙasar Anka, har zuwa Bukkuyum da Gummi, ƙyauren ƙarfe ya yawaita a shaguna da ɗakunan ajiya. Dalili kuwa a fili yake: ɓarawo ba ya ɓalle shi da sauƙi, gara kuma ba ta cinsa. Amma fa yana da aibi guda, watau jawo zafi cikin ɗaki.

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40 a inuwa. Ƙarfe mai baƙin fenti kuwa, in rana ta doke shi, yakan wuce digiri 60, har hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Bangon ƙasa yakan riƙe zafi sa'o'i da yawa kafin ya kai ciki, amma ƙarfe nan da nan yake miƙa shi. Ƙofar da ke duban yamma ita ta fi shan wuya, domin rana tana dukanta daga azahar har bayan la'asar, lokacin da iska ma ta riga ta yi zafi.

To, ina hasarar manomi a nan? Ku sani iri abu ne mai rai. Masana sun daɗe da ƙa'ida cewa duk ƙarin zafi na digiri 5 yakan rage wajen rabin kwanakin da iri zai yi da rai. Irin gyaɗa da na waken soya sun fi saurin mutuwa. Sai mutum ya shuka da ruwan fari, tsiro ya fito jefi-jefi, ya ɗora wa mai sayar da iri laifi, alhali buhun ne ya yi bazara a jikin ƙyaure. Haka kuma maganin feshi yakan rage ƙarfi in ya sha zafi.

Maganin farko, kuma mafi girma, shi ne inuwa. A kafa rumfar zana ko ta kara a bakin ƙofa. Da yake ranar yamma a karkace take zuwa, rumfa kaɗai ba ta isa ba. A rataya asabari ko zana ta gefen yamma, a bar tsakaninsa da ƙarfen kamar taƙi guda domin iska ta ratsa. In ya manne da ƙarfen, aikin ya ragu. A nisanta wuta da fetur daga rumfar.

Na biyu, farin fenti. Baƙi yana shanye kusan kashi tara cikin goma na hasken rana, fari kuwa yana mayar da fiye da rabi. Amma a nan sai a yi hattara. Mutanen Bagega ba sa bukatar a gaya musu sharrin dalma: a 2010 aka gano gubarta daga dutsen zinariya, ta hallaka yara wajen 400 a Zamfara, kuma sai a 2013 aka kankare gurɓatacciyar ƙasar garin. An sha samun dalma cikin fentin mai, musamman rawaya da ja. Saboda haka a nemi wanda aka rubuta a gwangwaninsa babu dalma. In za a kankare tsohon fenti, a jiƙa shi tukuna, a kori yara, a kwashe ɓarɓashin.

Na uku, a sa mai walda ya liƙa ƙananan ƙarafa ta ciki, kafinta ya ɗaura falanki a kansu, a bar sarari kamar inci guda tsakani. Katako ba ya miƙa zafi kamar ƙarfe.

Na huɗu ba ya cin ko kwabo. A janye buhuna daga bakin ƙofa kamar kamu biyu, a ɗora su bisa katako, iri kuwa a kai shi can ƙurya. A buɗe ƙofa da asuba iska mai sanyi ta shiga, a rufe kafin hantsi. Mai shirin sabon gini kuma, in da hali, ya fuskantar da ƙofarsa arewa ko kudu.

Jama'a, a yi wannan aiki tun hunturu bai wuce ba, rigakafi ya fi magani. Allah ya kai mu damina lafiya.