Tibhirine: Ruhubanawan Da Suka Yi Wa Makasansu Addu'a

A daren jajiberin Kirsimeti na shekarar 1993, wasu mutane ɗauke da bindigogi suka shiga gidan ruhubanawan Katolika da ke ƙauyen Tibhirine, kusa da garin Medea a tsaunukan ƙasar Aljeriya. Kwanaki goma kafin wannan dare, an yi wa ma'aikata 12 'yan ƙasar Kuroshiya yankan rago a wani wuri da ba shi da nisa daga gidan, kuma mutanen yankin sun yi imanin cewa jagoran baƙin, Sayah Attia, yana da hannu a ciki.

Abu uku ya zo nema: kuɗi, da magunguna, da kuma likitan gidan, wani dattijo mai suna Luc, domin ya bi su cikin tsauni. Shugaban ruhubanawan, Christian de Chergé, ya ƙi amincewa. Ya shaida masa cewa ba a shiga gidan da makami, amma duk wanda ya zo asibitinsu da ciwo za a duba shi ba tare da an tambaye shi ko wane ne ba. Da ya ƙara da cewa suna shirin bikin haihuwar Annabi Isa ne, sai Attia ya nemi gafara, ya janye mutanensa.

A lokacin, Aljeriya tana cikin yaƙin basasar da ya ɓarke bayan da sojoji suka soke zaɓe a farkon 1992, zaɓen da jam'iyyar FIS ta kama hanyar lashewa. Ƙungiyar GIA mai ɗauke da makamai ta riga ta umarci dukkan baƙi su bar ƙasar. Hukumomi sun shawarci ruhubanawan, waɗanda Faransawa ne, su tashi ko kuma su karɓi sojojin gadi. Suka ƙi duka biyun, bisa dalilin cewa maƙwabtansu Musulmi, waɗanda suke noma tare da su, ba su da wata ƙasar da za su gudu.

Makonni kaɗan kafin a sace shi, de Chergé ya bayyana abin da ya dame shi tun daga wancan dare, wato irin addu'ar da ta dace ya yi wa mutumin da ya tsaya gabansa da bindiga. Linjilar Matta, sura ta 5, ta ɗora wa Kirista nauyin roƙa wa maƙiyinsa alheri. Ya ga ba zai iya roƙon Allah ya halaka shi ba, amma zai iya roƙon a kwance masa ɗamara. To amma sai ya lura cewa ba shi da bakin yin wannan roƙo sai ya fara neman a kwance tasa ɗamarar, wato ƙiyayya da son ramuwar da ke cikin zuciyarsa. Wannan ta zama addu'arsa ta kullum. A cikin gidan ma, 'yan'uwan tsauni suke kiran 'yan bindigar, sojoji kuma 'yan'uwan kwari.

Wannan ra'ayi yana da tushe. A 1959, lokacin da de Chergé yake aikin soja a yaƙin neman 'yancin Aljeriya, wani Musulmi magidanci ya kare shi daga masu neman ransa, washegari aka tsinci gawar mutumin. Tun daga nan bai yarda a shafa wa Musulmi duka baƙin fenti ba.

A daren 26 zuwa 27 ga Maris na 1996 aka sace ruhubanawa bakwai daga gidan, biyu suka tsira. A watan Mayu wata sanarwa da sunan GIA ta ce an kashe su a ranar 21 ga wata, daga bisani aka tsinci kawunansu kaɗai. Sai iyalin de Chergé suka buɗe wasiyyar da ya rubuta tun a ƙarshen 1993, jaridar La Croix ta buga ta. A ciki ya roƙi kada a ɗora alhakin jininsa a kan al'ummar Aljeriya ko addinin Musulunci, ya yafe wa wanda zai kashe shi tun bai san shi ba, ya kuma yi fatan Allah ya haɗa su a Aljanna.

Akwai masu ganin cewa irin wannan yafiya tana iya buɗe ƙofa ga azzalumi, ko ta binne gaskiya. Sai dai ba haka ta kasance ba a nan. Wasu daga cikin dangin mamatan sun shigar da ƙara, aka buɗe bincike a Faransa a 2004. A 2009 wani tsohon janar na Faransa, François Buchwalter, ya shaida wa alƙali cewa ya samu labarin jirgin sojan Aljeriya ne ya harbe su bisa kuskure, zargin da hukumomin ƙasar suka musanta. A 2014 aka tono kawunan domin gwaji. Yafe wa mai laifi daban, neman sanin wanda ya aikata laifin daban.

Addu'ar ba ta ceci rayukan ruhubanawan ba. Abin da ta hana shi ne a mayar da jininsu makamashin gaba tsakanin addinai biyu. A ranar 8 ga Disamba na 2018, Cocin Katolika ya ɗaukaka matsayinsu tare da wasu Kiristoci 12 da aka kashe a yaƙin, a wani biki a birnin Oran, wanda limaman Musulmi da jami'an gwamnatin Aljeriya suka halarta. Jean-Pierre Schumacher, na ƙarshe cikin biyun da suka tsira, ya rasu a 2021 a garin Midelt na Maroko, inda ya ƙarasa rayuwarsa a tsakiyar Musulmi. Su kuwa bakwai ɗin, kaburburansu suna nan a Tibhirine.