Daga Satiru zuwa Bakalori: Ƙarfin Hukuma da Darajar Ran Baƙar Fata a Ƙasar Sakkwato

1.0 GABATARWA

Duk lokacin da aka ta da zancen 'yan sanda da wariyar launin fata, hankalinmu kan tafi Amurka. Dalili kuwa a fili yake. Ranar 25 ga watan Mayu 1920 da ɗari, watau 2020, a birnin Miniyapolis, wani ɗan sanda farar fata mai suna Derek Chauvin ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti tara, har rai ya yi halinsa, duniya kuma ta gani a hoton bidiyo. To, amma ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu sami irin wannan al'amari. A nan ƙasar Sakkwato, daura da Boɗinga, akwai kufan wani gari da ake kira Satiru, wanda labarinsa ya isa darasi.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa yawan ƙarfin da hukuma kan sauke a kan mutum ya danganta da darajar da ta ba ransa tun kafin ta gamu da shi. Ma'aunin da za mu riƙe kuwa mai sauƙi ne: bayan ƙura ta lafa, wa aka rubuta sunansa, wa aka ƙirga, wa kuma aka kintata kawai?

2.0 ASALIN AIKIN ƊAN SANDA A NIJERIYA

A shekarar 1861, da Turawan Ingila suka kama Ikko, sun kafa ƙungiyar masu gadi ta mutum 30. A 1863 John Glover ya ɗauki Hausawa aikin ɗamara, da yawansu bayi ne da suka gudo, aka riƙa kiran su 'yan sandan Hausa. A 1888 Kamfanin Neja ya kafa tasa rundunar a Lakwaja. Sai ranar 1 ga watan Afrilu 1930 aka haɗe ta Arewa da ta Kudu, suka zama Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya.

Abubuwa biyu ne ya kamata mu lura da su a nan. Na farko, an gina aikin ne bisa dabarar sa baƙo ya tsare baƙo, watau a kai Bahaushe ƙasar Yarabawa, inda ba ya jin harshe, ba shi da dangi, don kada tausayi ya riƙe hannunsa. Na biyu, an raba muƙamai bisa launin fata: Bature ke ba da umurni, baƙi ke ɗaukar bindiga. Ba a sami ɗan ƙasa a kujerar Sufeto Janar ba sai a 1964, lokacin da aka naɗa Louis Edet. Ke nan tun daga tushe aikin rundunar shi ne tsaron mai mulki da dukiyarsa daga waɗanda ake mulka.

3.0 SATIRU, 1906

Satiru tana wajen mil 14 kudu da birnin Sakkwato, a kan iyakar ƙasashen Boɗinga da Dancadi da Dange da Shuni. Mazaunanta talakawa ne da almajirai, tare da bayi masu yawa da suka tsere wa iyayen gijinsu. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris 1903, wani malamin garin, Maikaho, ya yi da'awar Mahadanci a 1904, aka kama shi, ya rasu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi, daga baya kuma wani makahon malami, Ɗan Makaho, ya gudo daga ƙasar da Faransa ke mulka ya haɗu da su. Gaskiya ɗaya ce, Satirawa su ma sun zub da jini, domin sun auka wa maƙwabtan da suka ƙi bin su.

Ranar 14 ga watan Fabrairu 1906 muƙaddashin Razdan, Hillary, ya nufi garin da sojan doki don ya kamo shugabannin. Satirawa suka fito da gatura da fartanyu da baka, suka tarwatsa rundunar. Aka kashe Hillary da mataimakinsa Scott da Laftana Blackwood, da sojoji baƙar fata 25. Gwamna Lugga ya tattaro soja fiye da 500 a ƙarƙashin Manjo Goodwin, da manyan bindigogi masu aman harsashi, Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Biyu kuma ya ba da gudummawar dawaki. Ranar 10 ga watan Maris aka auka wa garin. An kintata cewa mutum wajen 2,000 ne suka halaka, galibinsu maza, da yawa kuma a guje aka bi su aka kashe. Mata da yara wajen 3,000 aka kora zuwa Sakkwato. An rushe garin, an yanke wa Ɗan Makaho hukuncin kisa, Sarkin Musulmi kuma ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin.

Mai sauraro na iya cewa ai wannan yaƙi ne, ba aikin 'yan sanda ba. Amsa ita ce, a wancan zamani babu katanga tsakanin soja da ɗan sanda, kuma abin da ya fitar da Hillary daga gida kamu ne, aikin da ɗan sanda ke yi a yau. Abin da ya biyo baya kuwa ya wuce kamu, ya wuce kare kai, ya zama ramuwa don a tsorata sauran ƙasa.

Yanzu sai mu ɗora ma'auninmu. Turawa uku, kowanne da sunansa da muƙaminsa. Sojoji baƙar fata da suka mutu a gefensu an ƙirga su, 25. Satirawa kuwa sai kintace. Ga tsani mai hawa uku, launin fata ne kuma ya aza Bature a ƙololuwarsa. A Landan, Winston Churchill, wanda a lokacin yake ƙaramin ministan ƙasashen mallaka, ya nuna damuwa a rubuce game da kashe mutanen da kusan ba su da makami, amma ba a gurfanar da kowa ba. Haka aka sake yi ranar 18 ga watan Nuwamba 1949 a Inugu, inda 'yan sanda bisa umurnin wani hafsa Bature suka harbe masu haƙar kwal 21 da ke yajin aiki.

Sai dai akwai wani abin da bai kamata mu rufe ido a kansa ba. Mahayan da suka taya Turawa ba farar fata ba ne. A wurin masu sarauta, Satirawa bayi ne da talakawa da suka ƙi biyayya. Watau a rana ɗaya raini biyu suka haɗu a kan garin: rainin Bature ga baƙar fata, da rainin mai sarauta ga talaka.

4.0 BAYAN TAFIYAR TURAWA: BAKALORI, 1980

Da Turawa suka tafi a 1960 raini na farko ya rasa kujerarsa, amma na biyu ya zauna daram. An ci gaba da aiki da dogarai da 'yan doka na En'e, waɗanda 'yan NEPU suka sha kuka da su, har gwamnatin Janar Gowon ta narkar da su cikin 'yan sandan tarayya. Kaki ya sake hannu, horo da manufa kuwa ba su sake sosai ba.

Shaida a kan haka ita ce Bakalori, kusa da Talatar Mafara, wadda a lokacin take cikin Jihar Sakkwato, yanzu kuma cikin Zamfara. An kammala madatsar ruwa a wurin a 1978, dubban manoma suka rasa gidaje da gonaki, diyya kuma ta ƙi fitowa yadda aka yi alkawari. Manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A ƙarshen watan Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a ƙauyukan. Hukuma ta ce mamatan ba su kai 30 ba, masu bincike kuwa sun kawo adadin da ya haura 300.

Wannan ya faru ne a mulkin farar hula, Alhaji Shehu Kangiwa yana Gwamna, Shugaban Ƙasa kuma Alhaji Shehu Shagari, haifaffen garin Shagari, wanda hanyarsa daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga. Ba a kawo wannan don a jingina wa mutum ɗaya laifi ba. An kawo shi ne don a nuna cewa ko da ɗan ƙasa, maƙwabcin Satiru, ya hau kujerar da Lugga ya zauna, na'urar da aka gada ta ci gaba da aiki yadda aka ƙera ta. Mai harbi baƙi, wanda aka harba baƙi, amma tazarar da ke tsakanin 30 da 300 ta nuna cewa manomi yana nan a matakin da aka ajiye Basatire.

5.0 KWATANCI DA AMURKA

A Amurka ma ruwa bai yi tsami banza ba. Tun a 1704 aka kafa 'yan sintirin farautar bayi a Karolina, ɗaya daga cikin tushen aikin ɗan sanda a kudancin ƙasar. Sakamakon wannan gado shi ne a ga baƙin namiji a ɗauke shi abin tsoro kafin ya motsa. Alal misali, ranar 4 ga watan Fabrairu 1999 'yan sanda huɗu a birnin Niyok suka harba wa Amadou Diallo, Bafulatanin Gini, harsashi 41 a ƙofar gidansa, 19 suka same shi, alhali jakar kuɗinsa kawai ya ciro. Kotu ta sallame su a 2000.

Duk da haka, an sami canji ta hanyoyi biyu. A 1985 Kotun Ƙoli ta hana harbin wanda ke gudu, sai idan yana da haɗari ga rayuka. Daga 2015 kuma jaridar Washington Post ta shiga rubuta sunan duk wanda 'yan sanda suka harbe, ta sami wajen mutum 1,000 a shekara, ta kuma nuna cewa, gwargwadon yawan jama'a, ana kashe baƙaƙe fiye da ninki biyu na farare. Da aka sami suna da hoto, sai musu ya yi wuya. A 2021 kotu ta ɗaure Chauvin shekara 22 da rabi.

6.0 KAMMALAWA

A Nijeriya an yi wasu gyare-gyare. An kafa dokar hana azabtarwa a 2017, an yi sabuwar dokar 'yan sanda a 2020, an kuma rushe rundunar SARS ranar 11 ga watan Oktoba na shekarar, bayan zanga-zangar matasa. Amma sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya bar ƙofa a buɗe, domin ya halatta ƙarfin da zai iya kai ga kisa wajen kama mutum ko hana shi tserewa.

Saboda haka wannan takarda na ba da shawara biyu. Ta farko, doka ta wajabta rubuta suna da gari da dalilin mutuwar duk wanda ya rasu a hannun jami'an tsaro, a kuma bayyana wa jama'a. Ta biyu ta shafe mu kai tsaye, mu malaman kwalejojin ilmi. Ɗalibanmu da suka fito daga Boɗinga da Dange da Shagari da Mafara suna iya komawa gida su tattaro abin da ya rage a bakin tsofaffi, musamman sunayen mutanen Bakalori, tun waɗanda suka ga abin da idonsu suna raye. Na Satiru sun riga sun kuɓuce mana. Bai kamata mu bari waɗannan ma su bi su ba.