Tiramol a bakin ƙofar lakwal: wa za a kira?

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji, ya ratsa Maraɗi zuwa Agye da Gazawa, ya san masu tallar magani na tasha da kasuwa. Cikin kayan waɗansunsu har da tiramol, maganin ciwon da likita kaɗai ya cancanta ya rubuta. Daga tasha zuwa ƙofar kwaleji kuwa ba nisa.

Malami ke fara ganewa: yaro ya dinga gyangyaɗi, wata rana ya faɗi yana shure-shure tsakiyar darasi. Sai iyaye su ce a kira ƴan sanda.

To, amma ɗaliban Nijar ba su manta da 9 ga Fabrairun 1990 ba, ranar da jami'an tsaro suka harbe uku daga cikinsu a gadar Kennedy ta Yamai. Kaki ya shiga aji, gobe sai yajin karatu.

Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999 ta isa a kama mai sayarwa, wanda ke zaune inuwar bedi bayan katanga. Can aikin komisariya da jandarma yake. Yaron da aka kora kuwa, tashar nan zai koma dako, dab da akwatin mai magani.