ITACEN DA YA GAGARI INJI
Labarin noman pesh na gwangwani a jahar Kalifoniya

A cikin manyan kantunan Yamai da Maraɗi, wajen da ake jera madara da sardin, mai karatu ya sha ganin wani gwangwani mai hoton ɗan itace rawaya, an tsaga shi biyu, yana kwance cikin ruwan sukari. Faransawa suna ce masa pesh. Ba shi da suna da Hausa, domin itacensa yana bukatar sanyin hunturu mai tsanani kafin ya yi fure, saboda haka da sunan aro za mu kira shi. Asalinsa daga ƙasar Sin yake, girmansa kamar na lemu, yana da ƙwallo guda a tsakiya.

Pesh iri biyu ne. Akwai wanda ƙwallonsa ke fita da kansa in an tsaga shi, shi ake kaiwa kasuwa a ci ɗanye. Akwai kuma wanda tsokarsa ke manne wa ƙwallo, kamar yadda mangwaro mai zare ke yi. Wannan na biyu tsokarsa tana da tauri, ba ta narkewa in an dafa, shi ya sa masana'antun gwangwani suka zaɓe shi. A Amurka kusan dukkansa a jahar Kalifoniya ake noma shi, musamman a kewayen garuruwan Yuba Siti da Modesto. Yawancin gonakin Yuba Siti suna hannun zuriyar ƴan Panjab na ƙasar Indiya, mabiya addinin Sik, waɗanda kakanninsu suka fara zuwa a matsayin ƴan ƙodago tun farkon ƙarni na 20. Ɗaya daga cikinsu, Didar Singh Bains, wanda ya rasu a 2022, har sarkin pesh ake ce masa.

Manomin wannan itace ba ya da kasuwa sai masana'anta. Wannan ne ya sa tun 1922 manoman suka kafa ƙungiya wadda ke zama da masu masana'antu kowace shekara a tsai da farashin tan guda, don kada a riƙa bin su ɗaya ɗaya ana taya musu yadda aka ga dama.

To, ina wahalar take? Tana cikin aikin hannu. A shekara sau uku leburori ke hawa tsani a kan kowane itace. Da sanyi su datse rassa. Da bazara su yi cira, watau su cisge yawancin ƙananan ƴaƴan da suka fito, kamar yadda manominmu ke cirar gero a bar ƙafa uku ko huɗu a rami, domin in an bar su duka ba ko ɗaya da zai kai girman da masana'anta ke karɓa. Sa'an nan daga watan Yuli zuwa farkon Satumba a yi ɗiba, mutum da jaka rataye a ƙirji, yana hawa yana sauka cikin zafi. Kuɗin waɗannan ayyuka uku su ne kaso mafi girma cikin abin da manomi ke kashewa a gonarsa.

Daga 1942 zuwa 1964 wata yarjejeniya tsakanin Amurka da Meksiko ta riƙa kawo leburori masu arha a lokacin girbi. Da aka soke ta, hankalin manoman Kalifoniya ya tashi, kowa ya koma neman inji. Masu noman tumatir sun dace. A jami'ar Kalifoniya reshen Debis, wani masanin iri mai suna Jack Hanna da wani injiniya mai suna Coby Lorenzen sun daɗe suna aiki tare: ɗaya ya samar da tumatir mai taurin fata wanda ke nuna gaba ɗaya, ɗaya ya ƙera injin da ke yanke shukar ya kakkaɓe ƴaƴan. Kafin 1970 kusan duk tumatirin gwangwani na jahar da inji ake girbe shi. Amma abin bai zo kyauta ba. Manoman tumatir da suka kai kimanin 4.000 a farkon shekarun 1960 sun koma kimanin 600 a 1973, domin mai ƙaramar gona ba zai iya sayen injin ba. A 1979 lauyoyin ƴan ƙodago suka kai jami'ar ƙara kotu, suna cewa da kuɗin jama'a take ƙera abin da ke raba talaka da aikinsa. A shekarar nan kuma ministan aikin gona na Amurka, Bob Bergland, ya bayyana cewa ba zai ƙara zuba kuɗin gwamnati cikin binciken da manufarsa rage leburori ba. Binciken injunan girbi ya yi sanyi shekaru masu yawa.

Masu pesh su ma sun gwada sa'arsu. An ƙera inji mai hannu na ƙarfe wanda ke kama gindin itace ya girgiza shi, ƴaƴan su zubo a kan wani shimfiɗaɗɗen tanti mai laushi, daga nan bel ya kwashe su zuwa akwati. Irin wannan inji ya karɓu sarai wajen masu noman almon da busasshen furun. A wajen pesh kuwa sai ya zo da matsala biyu. Ta fari, ɗan itacen da ya faɗo daga ƙololuwa yana bugun rassa kafin ya iso ƙasa, sai ya yi tabo ko ya tsage, kuma tabon ba ya ɓuya cikin ruwan sukari. Ta biyu, inji ba ya da ido: nunanne da ɗanye duk tare yake zubo su, alhali lebura yana zaɓe, ya bar sauran sai an sake zagayowa. Don haka har yanzu mafi yawan pesh na gwangwani da hannu ake ɗibarsa, shekara 60 bayan tumatir ya sallami leburorinsa.

Abin mamaki, cikin masana'antar kanta inji ya daɗe da cin sarauta. Inji ke tsaga ɗan itacen ya murɗe ƙwallon, ruwan soda mai zafi ke saɓule fatar, na'ura mai ido ke ware masu tabo. Gona ce kaɗai ta ƙi.

A ganina dalilin a fili yake. Tumatir shuka ce ta wata huɗu: in irin bana bai dace da inji ba, baɗi a shuka wani. Itacen pesh kuwa sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya fara biyan mai shi, kuma ana sa ran ya yi wajen shekara 20 a gona. Ba a gyara inji ya dace da tsohon itace, itacen ake sakewa ya dace da inji. Hanyar da masana suka bi ke nan. A tashar bincike ta Tatura a ƙasar Ostareliya, tun shekarun 1970 aka fara tarbiyyar itace a kan wayoyi, reshe biyu kawai, ɗaya dama ɗaya hagu, yadda ƴaƴan za su jeru a fili kamar a jikin bango. A Kalifoniya an samar da gindi na musamman wanda in aka yi masa aure da pesh itacen ba ya tsawo, har lebura ya iya ɗiba yana tsaye a ƙasa ba tsani. Daga Jamus kuma aka kawo wani inji da ake ɗaura wa tarakta, mai sanda tana juyawa da igiyoyin roba, yana kaɗe wani kaso na furen tun bai zama ƴaƴa ba, aikin cira ya ragu. Amma shi ma sai a gonar da aka tsara rassanta tun farko yake aiki sosai.

Duk wannan sabon dashe ne, sabon dashe kuwa bashi ne na shekaru. Nan ne gizo ke saƙa, domin kasuwar da za ta biya bashin raguwa take yi. Amurkawa sun rage cin ƴaƴan itace na gwangwani tun da jiragen ruwa masu sanyi suka fara kawo musu ɗanyu rani da damina. Ƙasar Girka, wadda ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai a 1981 ta samu tallafi, ta ƙwace kasuwannin waje, daga baya Sin ta shigo da nata mai arha har cikin kantunan Amurka. Gonakin pesh na gwangwani a Kalifoniya, waɗanda suka kai wajen hekta 24.000 a ƙarshen shekarun 1960, sun koma ƙasa da hekta 8.000 kafin 2020. An sha biyan manoma kuɗi don su tumɓuke itatuwansu. A ɗaya gefen kuma lada na hawa: dokokin da jahar ta yi a 2016 sun kai mafi ƙarancin ladan awa guda dala 15 a 2022, suka kuma wajabta biyan ƙarin kuɗi ga leburan gona in ya wuce awa 8 a yini.

Masana'antun ma ɗaya bayan ɗaya suke faɗuwa. Babbar koperatif ta manoma, Tri Valley Growers, ta karye a shekara ta 2000. Kamfanin Seneca ya rufe masana'antarsa ta Modesto a 2018. A watan Yuli na 2025 kamfanin Del Monte Foods, wanda ya fi shekara 130 yana cika gwangwani, ya je kotu ya bayyana cewa bashi ya fi ƙarfinsa. Manoma da yawa sun dasa gonakinsu ne bisa kwangila mai dogon wa'adi da wannan kamfani, wasu itatuwan ma ba su kai ga haihuwar fari ba.

Jami'anmu masu tsara shirin gonakin mangwaro da lemu da fatan wata masana'anta za ta zo ta saye, ya kamata su dubi wannan lissafi da kyau. Manomin Yuba Siti yana da ruwan ban-gona, yana da banki, yana da jami'a a kusa da shi, yana da ƙungiya mai shekara 100 da ƴan kai. Duk da haka, in lokacin sake dashe ya zo, da yawa daga cikinsu almon ko goron Turawa suke sawa a wurin pesh, domin waɗannan inji ke girgizo su, inji ke share su daga ƙasa, kuma in farashi ya faɗi suna iya jira a sito. Pesh da aka ɗiba yau kuwa dole ya shiga gwangwani cikin kwana ɗaya ko biyu.