Me Ya Sa Ƙauyen Fim Ɗin Hausa Ba Shi Da Suna?

A shekarar 2007 wani darakta ɗan Ingila mai suna Edgar Wright ya fitar da fim ɗin Hot Fuzz, labarin wani ɗan sanda da aka ɗauke daga Landan zuwa wani ƙaramin gari, inda dattawa suka haukace a kan gasar garin da ya fi kowane tsari. Mafi yawan fim ɗin a Wells aka ɗauke shi, garin da daraktan ya tashi. Kafin shi akwai Brassed Off na 1996, wanda ya bi 'yan badujalar wani garin masu haƙar kwal a lokacin da ake shirin rufe mahaƙarsu. Finafinai ne masu ban dariya, cike da mutane masu baƙin hali, amma kowanensu yana da sana'arsa da tarihinsa da abin da ke hana shi barci. Mai kallo yakan yi dariya, ya kuma tashi yana jin kamar ya san garin.

Mu dubo namu. Tun daga Turmin Danya na 1990, finafinan Hausa ba su rabu da ƙauye ba, sai dai ƙauyen nasu ba ya da suna, ba ya da kasuwa, ba ya da tarihi. Bukka ce da rijiya da wani mutum mai yagaggiyar hula wanda bai taɓa ganin fanka ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, yana da baiwar da takan sa wawan da yake fitowa a matsayinsa ya fi 'yan birni wayo. Da yawa daga masu kwaikwayonsa hular kawai suka gada. Idan kuwa ana son dariyar araha, sai a sa wa ɗan wasa Sakkwatanci a baki: ya ce "wanga", ya ce "yaz zo", a fashe da dariya.

Wannan dariyar tana da farashi. A aji nakan ga ɗalibi daga kudancin Jihar Sakkwato yana kokawa da harshensa don ya yi Kananci, tsoron kada abokai su kira shi da sunan wani ɗan fim. Yaron da ya koyi jin kunyar karin maganar mahaifiyarsa zai yi wuya ya koma ya gina garinsu.

Alhali kuwa Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe ba su rasa labari ba. Tambuwal ribaɗi ne da ke da alaƙa da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, kuma mazaɓar Kebbe da Tambuwal ce ta ba Nijeriya Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015. Tsakanin waɗannan manyan al'amura akwai mai shayin tasha da ya fi rediyo labari, da wanzamin da ke riƙe da asirin kowane gida, da dillalin shanu da ba a taɓa jin ya faɗi farashi kai tsaye ba. Waɗannan su ne taurarin da ba a rubuta ba.

Shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya nuna cewa masu kallo za su bi rayuwar gari ɗaya shekara da shekaru idan an ba mutanensa mutunci. Abin da ya rage shi ne matasan Dogon Daji su ɗauki alƙalami da kyamara, su ambaci garinsu da sunansa, su bar mutanensa su yi magana da harshensu. Wright ya yi wa garinsu tsiya ne a matsayin ɗan gida, shi ya sa tsiyar ta yi daɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, shi kuma ya san inda dariyar take.