Tsohuwar Motar Albasa: A Gyara Ta Ko A Sake Wata?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin mota mai ɗaki a cikinta, da gado da murhu da makewayi. Mutum yakan kwashi iyalinsa a ciki su shiga duniya, inda dare ya yi musu nan ne masaukinsu. Mu nan Sabiyal da Aliero da Jega da Maiyama ba mu da irin wannan mota, amma muna da 'yar uwarta, watau babbar motar da ke kai albasarmu kudu. Duk wanda ya taɓa leƙa gaban irin wannan mota ya ga tabarma da buta da bargo da 'yar tukunya, domin direba da yaran motarsa sun fi kwana a cikinta ko a ƙarƙashinta bisa ga kwana a gida. Daga Jega zuwa Legas, ta Yawuri da Kontagora da Mokwa da Jebba da Ilorin da Ibadan, tafiyar ta haura kilomita 800. Ga mai ita kuwa, motar nan ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa. Saboda haka ranar da ta tsufa ta fara yawan kwanciya, tambayar da Bature ke yi wa motarsa ta shaƙatawa ita ce ke hana mutumin Sabiyal barci: a gyara ta, ko a sayar a nemi wata?

Da farko ya kamata mu san dalilin da ya sa tsofaffin motoci suka yi yawa a hanyoyinmu. A shekarun 1970 da farkon 1980 ana harhaɗa motoci a nan Nijeriya. Kamfanin Peugeot, wanda muke kira Fijo, ya fara aiki a Kaduna a 1975. Akwai na Steyr a Bauchi, da na Fiat a Kano, da na Leyland a Ibadan, sa'an nan na Mercedes-Benz a Enugu ya fara fitar da manyan motoci a farkon shekarun 1980. A wancan zamani ɗan kasuwa mai ƙarfi yana iya zuwa ya sayo sabuwa fil. Daga 1986, da aka karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane, aka koma sayen waɗanda Turawa suka gama mora, waɗanda muke ce wa 'yan Kwatano ko Baljiyam. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. A 2023 kuma darajar naira ta sake faɗuwa ƙwarai, farashin mota da na kayan gyara suka yi sama tare. Watau ke nan idan mutum ya ce zai sake mota, galibi ba sabuwa yake nufi ba. Tsohuwar da ya sani zai bayar, ya karɓi tsohuwar da bai sani ba. Wannan shi ne abin da mutane da yawa ke mantawa idan fenti mai ƙyalli ya ɗauke musu ido.

To, ta ina za a fara duba mota? Ba ta shekarunta ba. Aliero ta yi suna a ƙasar Hausa wajen ɗorin karaya, kuma duk wanda ya ga maɗori yana aiki ya san ba ya fara tambayar shekarun majinyaci, sai ya fara laluben ƙashi tukuna. Karayar hannu ko ta ƙafa ana ɗora ta, mutum ya tashi ya koma gona. Karayar ƙashin baya kuwa wata magana ce dabam. Ita ma mota tana da ƙashin baya, shi ne dogayen ƙarafan nan biyu da suka tashi daga gaba har baya, waɗanda makanikai ke kira shasi. A kansu inji ke zaune, a kansu bodi ke zaune, a jikinsu aka ɗaure sifirin da ƙafafu. Inji ana sauke shi a sa wani. Akwatin giya ana sake shi. Bodin katako in ya ruɓe kafinta zai yi sabo. Amma idan shasi ya tsage, ko ya lanƙwashe saboda yawan lodi ko tsohon haɗari, ko tsatsa ta cinye shi har guduma na iya huda shi, duk abin da aka ɗora a kai an ɗora shi ne bisa ruɓaɓɓen tushe. Mai walda zai ce yana iya liƙewa, kuma lalle ƙaramar tsaga guda ana iya ɗaure ta da farantin ƙarfe ta daɗe. Sai dai shasin da aka yi wa walda wuri uku ko huɗu, kusa da inda aka liƙe nan zai sake tsagewa. Alamar karkataccen shasi ba ta ɓuya. A tsaya bayan motar tana tafiya, za a ga tana tafe a karkace kamar kare, tayoyinta kuma suna cinyewa ta gefe ɗaya komai sabuntarsu.

Bayan shasi sai inji. Shi inji yakan faɗi ciwonsa da hayaƙi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nuna baƙin mai na shiga inda wuta ke ci, watau zobban fistin sun cinye. Baƙin hayaƙi a motar gas yana nuna man ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sau da yawa laifin nozul ne ko matacin iska da ƙurar hunturu ta toshe, kuma wannan ƙaramin gyara ne. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, musamman in ruwan lagireto na raguwa kullum, shi ne abin tsoro, domin ruwa ke shiga inji. A zaro sandar gwada baƙin mai a duba: in an ga man ya yi fari kamar an zuba masa madara, ruwa da mai sun haɗu. Duk waɗannan ana gyara su. Ko injin da ya buga ana iya sauke shi a gyara, ko a sayo wani a ɗora, muddin dai akwai kayansa a kasuwa.

A nan ne tsofaffin motoci ke da wata daraja wadda ba a cika kula da ita ba. Babbar Mercedes 911 mai guntun hanci, da Peugeot J5, da 504 wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna har wajen 2006, duk motoci ne da babu garin da za a rasa wanda ya san cikinsu. Kayansu kuwa, sabo da tsoho, ana nemansu a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Nkpor kusa da Anacha, da Ladipo a Legas. In ɗaya ta tsaya a dajin da ke tsakanin Koko da Yawuri, direba da sifana da 'yar waya yana iya lallaɓa ta zuwa gari. Motocin baya-bayan nan kuwa da yawansu kwamfuta ke sarrafa injinsu. Sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai, amma in suka ƙi tashi sai an nemo mai na'urar da zai karanta ciwon, kuma ba kowane gari ke da shi ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, ko da yake ba kowace tsohuwa ce zuma ba. Motar da sai an yi mako uku ana cigiyar ƙaramin ƙarfenta, ko da injinta na da sauran ƙarfi, ta kusa zama kayan 'yan gwangwan.

Yanzu bari mu zo ga lissafi, domin a nan ne masu mota suka fi ruɗin kansu. Tun da farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya, mu yi ƙidayarmu da buhun albasa maimakon naira, kuma misali ne kawai. A ce mota na zuwa kudu ta dawo sau 3 a wata, kowane zuwa kuma, bayan an fitar da kuɗin mai da na direba da na hanya, tana kawo wa mai ita kuɗin buhu 10. A wata 4 na ganiyar lodi sawu 12 ke nan, buhu 120. To, a ce tsufa ya sa tana kwana 10 a gareji kowane wata. Sawu ɗaya ya tafi a wata, watau buhu 40 a wata huɗun. A ce kuma bakanike da mai kayan gyara sun ci buhu 20. In ka tambayi mai motar nawa gyara ya ci masa, zai ce 20, domin su ne suka fita daga aljihunsa yana gani. Alhali kuwa 60 ya yi asara, rabin abin da zai samu ke nan. Kwanakin da mota ta kwanta sun fi kuɗin bakanike tsada, amma ba wanda ke rubuta musu rasit.

Kada mai karatu ya yi saurin cewa a sayar da ita. A ce wadda zai saya bashi ce, yana biyan kuɗin buhu 8 kowane wata. A shekara 96 ke nan, kuma mai bashi bai san damina ba, bai san lokacin da lodi ya yi ƙaranci ba. Ga kuɗin takardu, ga tayoyi, ga ciwon da sabuwar za ta fito da shi bayan wata biyu. Hanya ta uku ita ce a tsayar da tsohuwar gaba ɗaya, a kashe mata, misali, kuɗin buhu 50 a sauke inji, a sake kuloci da birki da sifirin a lokaci guda, ta koma aiki shekara biyu ko uku ba ta kwanta ba. In shasi na da lafiya kuma kaya na samuwa, a ganina wannan ta fi sauran biyun. Abin da ya fi kowanne cin kuɗi shi ne gyaran ɗiɗɗiga, yau a sa wannan, jibi a sa wancan, a ɗaure da waya a ce Allah ya kai mu. Mutum na iya kashe kuɗin wata motar a haka cikin shekara biyu bai sani ba, motar kuma tana nan yadda take.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga wannan lissafi. Albasa ba gero ba ce. Manomi ya yi wata da watanni yana ban ruwa, ya cire ta, ya adana a rudu yana jiran farashi ya tashi. In aka loda ta a buhuna, mota ta lalace a Mokwa ko Jebba ta kwana huɗu cikin zafi, ko ruwan kudu ya same ta, sai ta fara gumi da ruɓa daga tsakiyar lodi. Kafin a isa kasuwar Mile 12 a Legas ko Bodija a Ibadan an zubar da wani kashi, sauran kuma an saye shi da wulaƙanci. Mai kaya ba zai manta ba, 'yan kamasho ma ba za su manta ba. Motar da ta yi haka sau biyu, sai ka ga ana loda wasu tana tsaye a tasha.

Birki da sitiyari da taya kuwa ba a sa su cikin ciniki. Mota mai ɗauke da lodi in birkinta ya tsinke a gangara, ba mai ita kaɗai abin ya shafa ba, har da yaran mota da ke zaune bisa buhuna, da masu babur, da 'yan talla na bakin titi. Ga wani abu da kowane ɗalibi zai iya duba wa mahaifinsa. A jikin taya akwai lamba huɗu a jere cikin wani ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Roba na tsufa ko ba a yi aiki da ita ba, saboda haka tayar Kwatano mai kyan zane na iya fashewa a zafin bazara. Mai motar da ba shi da halin gyara waɗannan abubuwa uku yadda ya kamata, ya ajiye motar har ya samu.

Wanda ya ga lalle sai ya sake, to, ya tafi da bakanikensa, ba na mai sayarwa ba. Su je da sassafe a tayar da inji da sanyinsa a gabansu, domin injin da aka riga aka ɗumama yakan ɓoye ciwonsa. Su shiga ƙarƙashi da fitila su bi shasi daga gaba har baya, su yi zargin duk inda suka ga sabon baƙin fenti. Kada su gaskata lambar kilomita da ke gaban direba, ana juya ta baya. Su duba ko an taɓa sauya wa sitiyari gefe. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motocinmu sitiyarinsu na hagu, amma ana shigo da masu sitiyarin dama daga Ingila da Japan a juya su, kuma ba kowane juyi ke da aminci ba. Sa'an nan su gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke cikin takardun kwastan, don kada a ƙwace motar a hanya.

Lokaci ma yana da nasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Babban gyara da damina ya kamata a yi shi, sa'ad da lodi ya ja baya kuma bakanike ba ya gaggawa. Mai niyyar sayarwa kuwa ya sayar tun motar na tashi da kanta, ana gab da fara cire albasa, lokacin da masu neman mota suka yi yawa. In ya bari ta mutu a ƙofar gida, tayoyi suka sace, awaki suka mai da ƙarƙashinta wurin kwana, masu saye ba za su yi mata kuɗin mota ba. Za su cire inji da akwatin giya da ƙafafu su yi musu kuɗi dabam, sauran ƙarfen kuma a ɗora shi a sikeli.