Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Iganmu: Asali da Fasalin Gini

An fara ginin Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Iganmu a Legas a shekarar 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara cikin baitulmalin Nijeriya, aka kuma kammala shi a 1976 ƙarƙashin Janar Olusegun Obasanjo. An gina shi ne domin karɓar FESTAC, wato bikin al'adu da fasahar baƙar fata na duniya karo na biyu, wanda aka gudanar daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977.

Duk da cewa al'adun Afirka aka nufa da shi, fasalinsa aro ne daga Turai, domin kamfanin Technoexportstroy na Bulgeriya da ya yi aikin ya kwaikwayi Fadar Al'adu da Wasanni ta birnin Varna, wadda zauren wasannin motsa jiki ce da manyan taruka. Daga nan ya gaji siffarsa ta da'ira da rufin da gefunansa suka ɗaga tsakiyarsa ta lotsa, har ake kamanta shi da hular hafsan soja. Tsayinsa ya kai mita 31, babban zaurensa kuwa an gina shi ne domin mutum 5,000, kuma wannan girma da ya dace da biki bai dace da wasan kwaikwayo ba, tunda wasa yana buƙatar mai kallo ya ji muryar ɗan wasa, ya kuma ga sauyin fuskarsa ba tare da wahala ba. Hannun 'yan ƙasa ya fi bayyana a adon ginin, musamman zanen Erhabor Emokpae da ya kewaye shi daga waje da gilasai masu launi na Yusuf Grillo, waɗanda su ne suka ba aron nan kamannin gida.

Bayan bikin, gidan ya yi tashe da finafinan Yarbawa irin na Hubert Ogunde, amma kula da shi ta gagari hukuma, rufi ya riƙa yoyo, na'urorin sanyaya ɗaki suka mutu, babban zauren ya shafe shekaru a rufe, abin takaici ga ƙasar da ta taɓa tara baƙar fatar duniya a cikinsa. A 2020 gwamnatin tarayya ta miƙa gyaransa ga Babban Bankin Nijeriya da kwamitin shugabannin bankuna, sannan a Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya masa sunan marubuci Wole Soyinka, albarkacin cikarsa shekara 90.